Jinkirin Jirgi da Guzurin Matafiyi: Jan Hankali ga 'Yan Zango

Duk wanda ya san Alabar ya san cewa unguwa ce ta matafiya. Da wuya a shiga gida guda a nan, ko a Aboabo, ko Asawase, ko Sabon Zango, ba a tarar da mai ɗa a Jamus, ko ƙane a Legas, ko 'ya da ke aure a Yamai ba. A 'yan shekarun nan kuma sai ga wani sabon salo ya shigo, inda samarinmu ke rataya jakar goyo su kama hanya su kaɗai, wani ya nufi Kano don ya ga garin kakansa, wani Kaulaha don Maulidi, wani kuma Dubai ko Istambul don saro kaya. Wannan abin farin ciki ne, domin Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi.

Sai dai kuma koke-koken da muke ji a bakin masallaci da wuraren suna da biki kusan duk iri ɗaya ne. Jirgi ya makara, na gaba ya tashi ya bar mutum, kuɗin tikiti ya salwanta, akwati ya ɓace, guzuri ya ƙare a filin jirgin wata ƙasa inda babu wanda ke jin yarenka. Kuɗin da ake asara ta wannan hanya sau da yawa adashin shekara ne ko jarin uwa. Shi ya sa muka ga ya dace mu keɓe shafinmu na wannan wata don bayyana abin da ke jawo jinkirin, da abin da matafiyi zai iya yi tun yana gida.

Jira tsohon abokin tafiya ne

Kakanninmu da suka kafa zangunan ƙasar nan fataken goro ne. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna, ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, ya yi watanni kafin ya iso Salaga a ƙasar Gwanja. A hanya akan jira kogi ya janye, akan jira sarki ya karɓi fito, akan jira labarin cewa hanya ta yi lafiya. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne 'yan kasuwa suka watsu zuwa Karaki da Kintampo da sauran garuruwa, daga baya kuma zangon Kumasi ya bunƙasa, musamman da jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka fara aika goro ta jirgin ruwa daga gaɓar tekun ƙasar nan zuwa Legas, don a rage wahalar hanyar ƙasa. Masu zuwa Makka a ƙafa kuwa, ta Barno da Chadi da Sudan, wasu sai sun yi shekaru suna noma da ƙwadago a hanya kafin su ga Bahar Maliya.

Abin lura a nan shi ne, madugu ba ya tashi sai ya lissafa kwanakin jira a cikin guzurinsa. Mu kuwa da jirgin sama ya saba mana da sauri, sai muka riƙa shirya tafiya kamar komai zai gudana daidai da abin da aka rubuta a tikiti. Daga nan yawancin asarar ke farawa.

Me ke sa jirgi ya makara?

Abu na farko a yankinmu shi ne hazo. Daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza ta har bakin teku. Doka ba ta yarda matuƙi ya sauka ba sai yana iya hangen titin jirgi daga wani nisa da aka ƙayyade, kuma nisan ya danganta da irin na'urorin saukar da filin ke da su. Saboda haka filayen Kumasi da Tamale da Kano kan sha fama a Disamba da Janairu. Manyan filaye ma ba su tsira ba. A watan Fabrairun 2020 hazo ya rufe Legas a daidai lokacin da na'urorin saukar filin ba su kammalu ba, aka riƙa karkatar da manyan jiragen ƙasashen waje zuwa Ankara, fasinjoji suka yi kwanaki a can, wasu ma suka haƙura suka shiga mota. Da damina kuma hadarin yamma mai iska da tsawa kan tsayar da tashi da sauka na sa'a ɗaya ko biyu.

Abu na biyu shi ne ƙarancin jirage. Kamfanonin da ke zirga-zirga tsakanin Kumasi da Ankara, irin su Africa World Airlines da PassionAir, jirgi guda ne ke yin sawu da yawa a yini. Idan ya makara da minti arba'in a sawun safe, wannan makara za ta bi shi har dare tana ƙaruwa. Bugu da ƙari, doka ta ƙayyade sa'o'in da matuƙi zai yi yana aiki, idan suka cika dole ya huta ko da fasinjoji na zaune. Wannan ne dalilin da ya sa jirgin farko na safe ya fi kowane cika alkawari.

Har ila yau akwai giɓin da rushewar manyan kamfanonin yankin ta bari. Air Afrique ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways a 2003, Ghana Airways kuma, wanda aka kafa a 1958, an hana shi shiga Amurka a watan Yulin 2004, bai kuma sake farfaɗowa ba. Wanda ya gaje shi, Ghana International Airlines, ya daina aiki a 2010. Sakamakon haka, tafiya tsakanin biranen Afirka ta Yamma sau da yawa sai an yada zango a Lome ko Abijan ko Legas, mai zuwa gabas kuma a Adis Ababa ko Alƙahira. Kowane zango da aka ƙara, ƙofar jinkiri ce aka ƙara.

Sai kuma abubuwan da babu mai iya hango su. A watan Afrilun 2010 tokar wani dutse mai aman wuta a ƙasar Aisilan ta sa an rufe sararin samaniyar yawancin Turai kusan mako guda. Annobar korona ta sa Ghana ta rufe iyakokinta a Maris na 2020, filin jirgin Ankara bai buɗe wa jiragen waje ba sai 1 ga Satumba na shekarar, iyakokin ƙasa kuwa sai Maris na 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijar ta rufe sararin samaniyarta na kusan wata guda, jiragen da ke zuwa daga Turai suka riƙa yin zagaye. A ranar 21 ga Maris na 2025 gobara a wata tashar lantarki ta rufe filin Hitiro na Landan kusan yini guda cur.

Darasin da alhazai suka koya mana

Babu waɗanda suka san ɗacin jiran jirgi a ƙasar nan kamar maniyyata. Dattawanmu ba za su manta da ƙarshen shekarar 2007 ba, lokacin da ɗimbin maniyyata, cikinsu har da tsofaffi mata, suka yi kwana da kwanaki a fili kusa da filin jirgin Ankara suna jiran jirgin da bai zo ba, har wa'adin sauka a Jidda ya cika, sai da gwamnatin Shugaba Kufuor ta roƙi hukumomin Saudiyya suka ƙara lokaci. An sami sauƙi daga baya, musamman da aka fara jigilar alhazan arewa kai tsaye daga Tamale a watan Agustan 2016, abin da ya rage cunkoso a sansanin alhazai na Ankara. A nan Kumasi kuma an buɗe sabon ginin filin jirginmu a watan Mayun 2024, aka raɗa masa sunan Prempeh na Ɗaya.

Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa sansani ya ga bambancin da ke tsakanin alhazai biyu. Ɗaya ta zuba komai a babban akwati, an karɓe shi an auna an wuce da shi, ta zauna kwana uku babu maganin hawan jini, babu zanen canji. Ɗayar kuwa ta riƙe ƙaramar jaka da maganinta da tabarmar salla da ɗan garinta. Jiran iri ɗaya ne, amma wahalar ba ɗaya ba ce.

Tikiti guda ko tikiti biyu

Wannan shi ne wurin da samarinmu suka fi yin asara, don haka muna roƙon mai karatu ya natsu. Idan ka sayi tikiti guda wanda ya haɗa tafiyar gaba ɗaya, misali daga Ankara zuwa Jidda ta Adis Ababa, sannan jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi, nauyin kamfani ne ya sa ka a wani jirgin ba tare da ka ƙara ko sisi ba. Amma idan ka sayi tikiti biyu daban-daban saboda ka ga sun fi araha a intanet, kamfani na biyu babu ruwansa da abin da ya same ka a hannun na farko. A wurinsa kai fasinja ne da bai zo ba, kuma yawancin kamfanoni idan ka rasa sawu ɗaya sukan soke sauran, har da na dawowa. Araha dai ba ta ado.

Mu mutanen Kumasi kusan kullum muna cikin wannan hali, domin tikitin Kumasi zuwa Ankara daban yake da na ƙasar waje. Tafiyar ba ta kai sa'a ɗaya ba a sama, amma idan aka soke jirgin, kilomita 250 ɗin nan za ta ci sa'a biyar ko shida a mota, ban da cunkoson shiga Ankara. Shawararmu ita ce, mai jirgin dare ya bar Kumasi da jirgin farko na safe, ta yadda ko an soke zai iya garzayawa Asafo ya hau bas. A lokacin hazo kuwa gara mutum ya kwana a Ankara, wajen dangi a Nima ko Mamobi ko Madina.

Mai zuwa Kano ta sama galibi sai ya sauka a Legas ko Abuja ya canza jirgi. A Legas ginin jiragen waje daban yake da na jiragen cikin gida, sai an fito an ɗauki kaya an shiga mota. Kada a bar ƙasa da sa'a huɗu ko biyar tsakanin jiragen biyu. A kuma tuna cewa lokacin da ke jikin tikiti na garin da jirgin zai tashi ne. Agogon Togo da Burkina Faso ɗaya ne da namu, na Benin da Nijeriya da Nijar ya fi namu da sa'a 1, na Saudiyya da Habasha da sa'a 3, na Dubai da sa'a 4.

Game da ejan-ejan masu sayar da tikiti, akwai na kirki da yawa a cikinmu, amma a riƙa karɓar lambar tikiti da lambar rajistar tafiya, a shiga shafin kamfanin jirgin a tabbatar da sunan mutum yana nan. Takardar da ke nuna an kama maka kujera daban take da tikitin da aka biya. A kuma duba a ga sunan ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, domin Muhammad da Mohammed a wurinmu suna ɗaya ne, a wurin kwamfuta kuwa mutum biyu ne. A sa ejan ya rubuta lambar wayar matafiyin, don saƙon canjin lokaci ya iso gare shi kai tsaye.

Haƙƙinka idan jirgi ya makara

Da yawanmu idan aka sanar da jinkiri sai mu ce haka Allah Ya so, mu koma gefe mu zauna. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta hana neman haƙƙi. Ƙungiyar Tarayyar Turai tana da doka mai lamba 261 ta shekarar 2004, wadda ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashenta, da kuma jirgin kamfanin Turai da ya nufi can daga wata ƙasa, kamar KLM ko Air France ko Brussels Airlines idan sun tashi daga Ankara. A ƙarƙashinta, idan fasinja ya isa inda za shi a makare da sa'a 3 ko fiye, kuma laifin na kamfani ne, yana iya neman diyya har zuwa Yuro 600 a doguwar tafiyar da ta wuce kilomita 3,500, tafiya daga Ghana zuwa Turai kuwa ta wuce haka. Idan yanayi ne ko wani abin da ya fi ƙarfin kamfani, babu diyya, amma duk da haka abinci da otal idan kwana ya kama suna kan kamfani. Ingila ma tana da irin wannan doka tata. Tun 2025 ƙasashen Turai suka sake shiga tattauna yi wa dokar gyara, saboda haka a binciki adadin da ke aiki a lokacin tafiya.

Game da kaya kuma akwai yarjejeniyar Mantiriyal ta 1999. Idan akwatinka bai fito ba, kada ka bar filin jirgi sai ka je teburin kayan da suka ɓace an cike maka takarda an ba ka lamba. Idan ya iso a fashe, kana da kwana 7 ka rubuta ƙorafi, idan kuma a makare ya iso, kwana 21 daga ranar da ka karɓa. Ɗan guntun tambarin da ake manna maka a bayan katin shiga jirgi shi ne shaidarka, kada ka jefar.

Ko a ina jinkirin ya same ka, ka je tebur da wuri kafin layi ya yi tsawo, ka yi magana cikin ladabi, domin ma'aikacin da ke gabanka ba shi ya tsayar da jirgin ba, kuma shi ne zai samo maka kujera. Ka nemi a rubuta maka dalilin jinkirin, ka adana rasit na duk abin da ka saya. Kada kuma ka yi gaggawar karɓar takardar rangwamen tikitin gaba sai ka tabbatar ba ta soke haƙƙinka na karɓar kuɗi ba.

Abin da ya kamata ya shiga jakar goyo

Amfanin jakar goyo shi ne tana tare da kai ko'ina, kuma wanda bai ba da kaya a auna ba ya fi sauƙin canza jirgi. Yawancin kamfanoni sukan yarda da kilo 7 ko 8 a hannu. A cikinta a sa fasfo da sauran takardu, da magani na aƙalla mako guda fiye da kwanakin tafiya tare da takardar likita, da tufafi na canji, da rigar sanyi domin filayen jirgi na da sanyi da dare, da ƙaramar darduma, da cajar waya. Batirin ajiye caji a hannu ake riƙe shi, doka ta hana sa shi a akwatin da za a ba da. Abin ruwa-ruwa kuma, kamar turare da man shafawa, ƙa'idar da aka kafa tun 2006 ita ce kada kwalba ta wuce mililita 100, kuma yawancin filaye da ita suke aiki. Shito ma a wurin masu bincike abin ruwa ne, a sa shi a babban akwati a naɗe da kyau. Gari da sukari da gyaɗa da dabino sun ceci matafiya da yawa a filin da ake sayar da ruwan sha da Dala. Sai dai a sani cewa Turai da Amurka ba sa yarda a shigo da nama, don haka kilishi ya tsaya a gida, Turai kuma ta haɗa har da madara da wagashi. Hukumomin alhazai kuma kowace shekara suna gargaɗi a kan shiga Saudiyya da goro.

Kuɗi kada a tara shi wuri guda, a raba uku, a kuma ware na kwana biyu wanda ba za a taɓa ba sai ta ɓaci. Mai ɗauke da Yuro 10,000 ko fiye zuwa Turai, ko abin da ya haura Dala 10,000 zuwa Amurka, dole ya bayyana wa kwastan. Lambobin waya uku ko huɗu a rubuta su a takarda, domin waya na iya mutuwa ko a sace ta.

Takardu da saƙon mutane

Mu 'yan Zango tarihi ya koya mana darajar takarda. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su bar ƙasa, gidaje da yawa a Kumasi suka watse. A 1983 Nijeriya ta yi irin wannan kora, har jakar nan mai layi-layi ta samo sunanta daga nan. Har yau kuma mai sunan Hausa yakan sha ƙarin tambayoyi game da asalinsa idan ya je neman fasfo. Saboda haka kada a jira sai tafiya ta taso. A nemi takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa tun da wuri, a adana na iyaye ma. Tun 2019 fasfon Ghana na manya shekara 10 yake yi, amma ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda saura ƙasa da wata 6 ya ƙare. Katin rigakafin cutar shawara kuma ana tambayarsa a kusan kowace iyaka a yankinmu, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai yada zango a wata ƙasa ya tambaya ko yana bukatar bizar wucewa, domin idan jinkiri ya kai ga kwana, wanda ba shi da ita yana iya kwana a kan kujera alhali an kai sauran fasinjoji otal.

Sai batun saƙo, wanda muka san yana da nauyi a al'adarmu. Da wuya mutum ya ce wa maƙwabciya ko gwaggo ba zai kai wa ɗanta ƙunshi ba. To amma duk abin da aka samu a jakarka naka ne a idon doka, kuma hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Kano da ta je Umara, saboda wata jaka mai ƙwayoyi da wasu suka manna wa sunanta tun a filin jirgi ba da saninta ba, sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Idan har wadda ba ta karɓi komai ba ta shiga wannan hali, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Duk saƙon da za a ba ka, a buɗe shi a gabanka, wanda ya ji haushin haka ya riƙe abinsa. Ka kuma ƙirga tambarin kaya da aka ba ka, ka ga ya yi daidai da yawan akwatunanka.

Masu bin hanyar mota

Da yawa daga cikin masu jakar goyo mota suke bi, don sauƙin kuɗi da kuma ganin gari. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna kwana 90 babu biza, muddin yana da takardun tafiya. Hanyar bakin teku daga Ankara zuwa Legas ba ta kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce, Aflawo da Hilakonji da Seme, ga shingaye barkatai, don haka takan cinye yini guda. Daga Legas zuwa Kano kuma akwai kimanin kilomita 1,000. A nemi ƙananan takardun sefa wajen 'yan canji tun a gida. Sefar Togo da Benin da Burkina Faso da Nijar ɗaya ce, amma ta Kamaru da Chadi daban take.

Tsohuwar hanyar arewa, ta Tamale da Bolga da Paga zuwa Wagadugu, sannan Fadan Gurma da Yamai da Dosso da Birnin Ƙonni har Illela da Sakkwato, ita ce iyayenmu suka fi sani. Amma shekarun nan 'yan bindiga sun addabi gabashin Burkina Faso da yammacin Nijar, kuma a ranar 29 ga Janairun 2025 ƙasashen Burkina Faso da Mali da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ko da yake ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da zirga-zirga babu biza har sai an sake shawara, iyaka abu ce da ke iya rufewa a dare ɗaya, kamar yadda Nijeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Kafin a tashi a je tasha a tambayi direbobin da suka dawo cikin makon, domin labarin wata uku da suka wuce ba ya amfani. A kuma guji tafiyar dare a wuraren da aka san babu tsaro.

Gatan da muke da shi wanda baƙon Bature mai jakar goyo ba shi da shi, shi ne harshenmu. Akwai Zango a Lome, akwai a Kwatano, akwai Hausawa a Agege da Idi Araba a Legas, akwai Sabo a Badun. Wanda dare ya yi masa ya nemi masallaci ya gabatar da kansa ga liman ko Sarkin Hausawa, da wuya ya rasa wurin shimfiɗa tabarma da mai nuna masa motar kirki. Matambayi ba ya ɓata.

Salla a halin tafiya

Addini ya yi wa matafiyi sauƙi. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, ana yin ƙasaru, a mayar da Azahar da La'asar da Isha'i raka'a biyu-biyu. Wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 a wuri zai cika salla, amma wanda jirgi ya tsare, kullum ana ce masa gobe, yana nan a matsayin matafiyi. Manyan filayen jirgi da yawa suna da ɗakin salla, a tambaya. Don ƙarin bayani a kan haɗa salloli da salla a cikin jirgi, a tuntuɓi malamai kafin a tashi.

Daga ƙarshe muna kira ga sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin matasa su riƙa shirya bita ga matafiya, kamar yadda ake yi wa maniyyata, a gayyato waɗanda suka san hanya su yi bayani da Hausa. Iyaye kuma idan yaro zai tafi, ban da addu'a a tambaye shi tikitinsa guda ne ko biyu, sa'a nawa ya bari tsakanin jirage, wa zai sauka wajensa, kuma nawa ya ware don ranar da jirgi bai tashi ba. A bar hoton fasfo da na tikiti a hannun wani a gida. Masu karatu da ke da abin ƙari game da hanyoyin da muka ambata suna iya rubuto mana, za mu buga a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, amin.